Shekarar da Yaya Bai Ga Dabaran Ba

Ƙarfe biyar da minti goma na asuba, bayan an sallame salla, mu uku ne a bisa tudun da ke gabas da garinmu: ni, da yayana wanda shi ne babban gidanmu, da ɗansa na fari. Na san lokacin domin na duba agogo, kuma na duba agogon ne don in kawar da idona daga abin da na gani. Tauraron da muka zo nema ya fito. Yana can ƙasa-ƙasa, ja kamar garwashin da toka ta fara rufewa, a ƙarƙashin tarin taurarin da muke kira Kaza da 'ya'yanta. Yaya yana tsaye dogare da sanda, fuskarsa na fuskantar wurin daidai. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Bai fito ba. Mu koma."

Ɗansa ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ƙasar jiƙe take, domin shekaranjiya da la'asar an yi ruwa mai kyau. Na tona da hannuna na ga laima ta wuce taƙi. Muna saukowa muna gamuwa da maza da sungumi a kafaɗa, mata na biye da ƙorai cike da iri. Duk gari shuka ake yi. Irin gidanmu kuwa yana cikin rumbu, ba a taɓa shi ba.

Zan faɗi abin bi da bi, don wanda bai san gidanmu ba ya gane abin da zai hana mutum mai ido biyu ya ce ya ga abin da ya gani.

Garinmu ƙarami ne, a ƙasar Mayahi, ta wajen Atantane. Gidanmu yana da gandu guda, babbar gonar gado a jigawa wadda duk gida ke nomawa tare, sai ƙananan gayauni na mata da samari. Iri kuma biyu ne. Akwai ɗan gajere mai saurin nuna, wanda ake samu a kasuwa ko a hannun mutanen furoje, wato ma'aikatan ƙungiyoyin taimakon noma. Wannan kowa ya ga dama ya shuka a gayaunarsa da ruwan fari, ko ma ya yi bizne, ya binne shi a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. In ya ƙone a sayo wani. Sannan akwai hatsin gida, zango ne dogo, wanda muka gada daga kakanmu, kuma shi kaɗai ake shukawa a gandu. Yana da nauyin tafiya. Damina cikakkiya yake so, daga farkonta har ƙarshenta. In an yi gaggawa aka ba shi ruwan ƙarya, ya tsiro rana ta ƙone shi. In aka makara, ruwa ya ɗauke ya bar shi da ciki.

Saboda haka kakanmu ya kafa doka, kashi uku. Na ɗaya, ba a shuka hatsin gida sai jan tauraron nan ya fito daga gabas da asuba yana bin Kaza, domin a lurarsa ruwan da ya riga shi fitowa ba abin dogaro ba ne. Na biyu, ba lissafi ake yi ba, da ido ake gani. Na uku, babban gida ne ke gani, shi ne ke faɗi, shi ne ke ba da izinin buɗe rumbu. Ƙane ba ya riga shi cewa na gani. An taɓa karya wannan sau ɗaya, muna yara. Ƙanen babanmu ya ce ya gani kafin babanmu ya faɗi. A gidanmu wannan magana daidai take da mutum ya ce wa yayansa, zamaninka ya wuce. Kafin damina ta zagayo an raba gandu, an ja darni a tsakar gida, kuma har suka koma ga Allah ba su sake sa hannu a kwano ɗaya ba. Da wannan labari aka rene mu.

Sai maganar sunan tauraron, domin ita ma tana cikin abin da ya faru.

Kakanmu bai san shi da wani suna ba, mai bin Kaza kawai yake ce masa. Babanmu ne ya zo da sunan Dabaran daga Tasawa, inda ya yi rani biyu a zauren wani malami. Malamin ya koya masa jerin taurarin shekara, Suraiya, Dabaran, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, har zuwa ƙarshensu. Babanmu yakan karanta su da murya irin ta karatu, bayan addu'a, don haka muka tashi muna ɗaukar su wani yanki na addini. Ni na yi lekol, wato makarantar boko, har aji shida, ban kai ko'ina ba, kuma ban taɓa jin sunan a bakin mushe, malaminmu na lekol, ba. Yaya bai shiga lekol ba sam, amma jerin nan yana kansa kamar sunayen 'ya'yansa.

Ɗan Yaya na fari ya yi karatun Larabci a Maraɗi, ya ƙara a Najeriya, ya dawo gida ya yi aure. Ba raggo ba ne, in ana noma shi ke gaba. A ranin da ya gabaci wannan damina, wata rana bayan la'asar muna zaune a zaure, Yaya ya karanta jerin nan, ya ce albarkar sunayen da suka fito daga littafi. Sai ɗansa ya gyara zama.

"Baba, Larabci ne, gaskiya ne. Addabaran suke cewa. Ma'anarsa mai biyowa baya, don shina bin Suraiya, wadda muke ce ma Kaza. Har Nasara wurinsu sunka ari sunan. Amma ba daga littafin addini ya fito ba. Larabawan daji sunka sa mashi, makiyayan raƙuma, tun kafin Musulunci."

Yaya ba ya kiran sunan ɗan fari, kuma ba ya cika yi masa magana kai tsaye. Ni ya juyo ya kalla. Ni ne ƙaramin ɗakinmu, har yau da furfurata Auta yake ce mini.

"Auta, kana jin abin da yaron ga ke faɗi?"

Matar Yaya tana bayan zana tana bakace, ta ɗaga murya ta ce, "Mai bin Kaza dai? Ashe tsohon ku Larabci shike yi bai sani ba."

Babu wanda ya yi dariya sai ita. Ɗan ya ci gaba, ya ce mutanen da suka sa sunan su ne masu cewa tauraro kaza ya ba su ruwa, kuma addini ya hana wannan magana.

Yaya ya ce, "Auta, gaya mashi ni ban taɓa cewa tauraro na ba da ruwa ba. In inuwa ta karkata ka ce azahar ta yi, inuwar ka bauta ma?"

Ɗan ya ce, "Inuwa kowa na ganin ta, Baba. Wanga ko, an ɗaura abincin gida ga idon mutum guda."

Yaya ya tashi ya shiga gida. Na san abin ya sosa masa rai, ba don gardamar ba, sai don sunan da ya riƙe shekara da shekaru a matsayin abin tsarki ya tashi na makiyaya. Kwana biyu bai yi magana a kai ba. Daga baya ya ce mini, "Ko na makiyaya ne, makiyayi ba ya wasa da maganar ruwa." Tun daga ranar ya ƙara riƙe dokar gam. Sai ga shi kuma daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, abin da muka ware na hatsin gida bai wuce na shuka ɗaya ba. In ya lalace babu na maimaitawa.

To, wannan shi ne halin da muke ciki a asubar da na fara da ita.

Kashegari muka sake hawa tudu. An yi gajimare, ba a ga komai ba, na ji sanyi a raina. Na ce wa kaina wataƙila jiya ƙasa-ƙasa yake da yawa, idon dattijo bai kama shi ba, in ya ƙara tasowa zai gani. Rana ta uku sama ta wanke tas. Tauraron ya ɗaga, ko yaro zai nuna shi. Yaya ya tsaya, ya kalla, ya ce, "Bana ya yi nawa. Mu koma."

Da hantsi na shiga gida neman igiya, na tarar da matar Yaya tana daka. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji, amma ita kaɗai ke yin sa, domin ni ban iya ba.

"Maigida ƙarami, mai agogo. Ƙarfe nawa za a yi shuka?"

Na ce sai Yaya ya faɗi. Ta ajiye taɓarya, ta duba ƙofa, ta rage murya.

"Yayanka ba shi gani. Tun sanyi na lura. Jiya da magariba turmin ga ya tsaya yana yi ma magana, shina zaton ni ce zaune. Na ce to gara turmin, shi ba ya maida mashi martani."

Ta yi dariya kaɗan, sannan ta goge ido da gefen zane. Ni ma sai abubuwa suka jeru mini. Ya daina zuwa kasuwa shi kaɗai. Ya daina duba haƙoran dabba in za a saya. A hanya sai mutum ya yi sallama sannan yake kiran sunansa. Da rana yana lallaɓawa, domin ya san kowace kwana ta garin, amma ƙaramin haske mai nisa ya fi ƙarfinsa.

Ta ce, "Kai za ka gaya mashi."

Na ce, "Ke ce matarsa."

"In ni na faɗi, ya ce zancen mata. In ɗanai ya faɗi, ya ce karatu ne ke ɗibarsa. Kai ne ɗan'uwansa ciki ɗaya."

"Ni ƙane ne."

Ta ɗauki taɓarya ta ce, "To ƙane, ka ci dokar da miya in kaka ta yi."

Na gwada ta hanyar da ba za ta zama faɗi ba. Asuba ta gaba na matsa kusa da shi na ce, "Yaya, wancan ja-ja da ke ƙasan Kaza, ko wutar wani ce a daji?" Na ba shi ƙofa ce, ya ce a'a shi ne, magana ta zama tasa. Bai shiga ba. Ya ce, "Auta, in da shi ne da na gane shi tun kana goye. Ko ka fara gani gabana ne?" Na ce, "Allah ya kiyaye." Muka sauko.

Daga nan na tuna da abokin Yaya. Buzu ne, sa'arsa, iyayensa daga arewa suka zo amma a nan aka haife shi, yana noma yana kiwon awaki a bayan gari. Tun suna samari suke zagin juna, kuma abin da ƙane ba zai faɗa ba aboki yana iya faɗa. Na hau amalanke na je na same shi, na gaya masa komai. Ya ce zai zo.

Ya zo da la'asar, ya zauna a zaure, ya fid da butar shayinsa.

"Bahaushe, mi kake jira? Gari ya tsiro, gandunka kamar filin idi."

Yaya ya ce, "Jira nike tauraro ya fito."

"Wane? Mai bin 'yan matan dare? Mu haka muke ce ma Kazarku. Ni na gan shi tun ran ruwan nan."

"Naku na raƙuma ne. Ku da ba ku san hatsi ba sai a akushi."

"To akushin naka nike tsoron in zo in iske wayam."

Suka yi dariya. Abokin ya zuba shayi a ƙaramin kofi ya miƙa. Yaya ya kai hannu, hannun ya wuce gefen kofin ya kama iska. Abokin ya yi sauri ya sa masa kofin a tafin hannu kamar ba a yi komai ba, ya shiga labarin wata akuya da ta ɓata. Da na raka shi bakin gari na ce, ba ka faɗa ba. Ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya ce, "Na ga hannun nan. Ba ni kashe abokina da bakina. Ku na gida ku san yadda za ku yi."

Kwanaki suka ci gaba da tafiya. An ƙara yayyafi sau ɗaya, shukar mutane ta miƙe, har wasu sun fara noman fari. A gandunmu ciyawa ce ke tsirowa. Kullum da hantsi nakan je in tona, kullum laima tana ƙara nisa. Mutanen gari suka fara tambaya a bakin masallaci, Yaya yana amsa musu da cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse. Wasu suna girmama shi suna shiru, wasu suna haɗa ido.

Wata safiya na fito na tarar da ɗan Yaya ya jingina tsani a jikin rumbun iri. Na ce ya sauko. Ya sauko, domin yaro ne mai ladabi, amma ya tsaya a gabana bai kauce ba.

"Baba ƙarami, tambaya guda. Ka gan shi ko ba ka gan shi ba?"

Na ce, "Na gan shi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kai ma ka gan shi."

"To mi ya rage? Ni ban yarda da dokar ba, amma ko a dokar taku ai ya fito."

Na ce a dokar bai fito ba sai babban gida ya faɗi. Ya ce to mu je yanzu mu biyu mu durƙusa mu gaya masa. Na ce in muka je mu biyu, ɗa da ƙane, mun yi masa taron dangi ke nan, mun tuɓe shi a cikin gidansa. Ya ce to a shuka a ɓoye, ai ba zai gani ba. Wannan magana ita ce ta fi ƙona mini rai. Na ce, "Ubanka za ka yi ma sata don ba shi gani?" Ya sunkuyar da kai. Ya ɗauke tsanin ya mayar inda yake. Da zai wuce ya ce, "Allah ya ba mu ruwa, mun tsaya muna kunyar juna." Daga ranar bai sake hawa tudu da mu ba.

Saura ni da Yaya. Nakan bi bayansa da taku biyu, in ga yana lalube da sanda a inda da yake tafiya kamar saurayi. Sama da mako biyu muka yi a haka. Ban taɓa jin nauyin asuba ba sai a wannan lokaci.

Ranar da abin ya ƙare, mun tsaya kamar kullum. Tauraron ya yi sama sosai, har wasu sun fito a ƙarƙashinsa. Na jira ya ce mu koma. Bai ce ba. Na ji kukan jaki daga cikin gari. Sannan ya ce, "Auta, akwai wani nan bayan mu?"

Na ce babu.

"Kaza tana ina?"

Ya miƙo hannunsa na dama.

"Kama hannuna. Kai shi inda shike."

Na kama tsintsiyar hannunsa. Ya miƙe shi ƙasa-ƙasa, daidai inda tauraron ke tsayawa a ranar fitowarsa ta fari, domin jikinsa ya san wurin. Na fara ɗaga hannun. Na ɗaga, na ƙara ɗagawa. Ina jin yana ƙoƙarin tsayar da shi, ina wucewa. Da na kai daidai na tsaya. Bai sauke ba. Mutumin da ya shekara talatin yana auna tauraron nan bai buƙaci a gaya masa kwana nawa suka wuce ba, kafaɗarsa ta gaya masa.

Ya ce, "Har nan?"

Na ce, "Har nan, Yaya."

"Ran ruwan nan shina nan ke nan."

"Shina nan."

"Kuma ka yi shiru."

Na ce, "Ba a riga ka faɗi."

Ya sauke hannun a hankali. Ya ce, "Haka ne. Ba a riga ni." Ban san ko yabo ne ko zargi ba, kuma har yau ban tambaya ba. Muka sauko, wannan karon ya dafa kafaɗata. Da muka shiga gida ya tsaya a tsakar gida ya ce da murya sosai, yadda ya saba, "Dabaran ya fito. A buɗe rumbu." Matarsa ta shige ɗaki. Ɗansa ya kawo tsani ya hau.

Amma ƙasa ta riga ta bushe. Yaya ya ƙi a yi bizne da irin da ba shi da madadi, kuma a wannan har ɗansa bai yi gardama ba. Muka jira. Ruwan shuka na biyu bai zo ba sai da hatsin mutane ya kai gwiwa. Muka shuka gandu duka a yini guda, har da maƙwabta suka taya mu. Ya tsiro da kyau. Tsakiyar damina ta yi albarka, ya yi kara mai kauri, ya yi baƙi ƙirin, har mai wucewa kan tsaya ya duba. Na fara cewa a raina ko Allah zai rufa asiri. Ya yi ciki, ya fid da kai, zangarniya doguwa kamar yadda muka san ta. Yana cikin bununi, wato furensa, ruwa ya ɗauke. Lokacin ɗaukewarsa ne, bai yi wa kowa laifi ba. Masu ɗan gajere suna girbi, mu muna tsaye muna duban gabas.

Da muka yanka, in ka murza zangarniya a hannu ƙaiƙayi ne ke zuba. Abin da aka samu na ƙwaya ƙanana ne, a motse. Ba mu yi yunwa ba a shekarar. Gayaunin mata da wake suka riƙe mu, ɗan Yaya kuma ya tafi ci-rani ya yi ta aike. Abin da ya dame ni shi ne irin.

Bayan kaka muka kai Yaya likita a Maraɗi. Aka ce yanar ido ce, ta daɗe tana rufowa, aka cire ta ido ɗaya. Ya dawo yana gani. A hanya ya gaya mini cewa tun bara wata ya zame masa kamar an shafa fura a bango, amma yana ce wa kansa hazo ne. Da damina ta zagayo ya hau tudu da ƙafarsa, kuma ranar farko da tauraron ya leƙo ya nuna shi da sanda ya faɗi. Muka shuka motsattsun ƙwayoyin nan a kan lokaci. Tsiro ya fito jefi-jefi, nan ɗaya can ɗaya. Waɗanda suka rayu kuma, da yake ɗan gajeren maƙwabta ya kewaye su ta ko'ina, suka gauraya. Da muka ajiye nasu muka sake shukawa, abin da ya fito ba zango ba ne, ba ɗan gajere ba ne. Yaya ya ɗauki zangarniya ɗaya ya shafa daga gindi zuwa kai, ya ajiye, ya ce, "Wanga ba namu ba ne." Shekarar da ta biyo na zo da asuba in ɗauke shi mu hau tudu, ya ce, "In na gani, mi za a buɗe?" Bai sake hawa ba.

Yanzu ɗan gajere muke shukawa a gandu kamar kowa, da ruwan fari. Ba a raba gida ba, ba a ja darni ba, kwano ɗaya muke ci. Ɗan Yaya yana ganin dokar mutane ce ta ci mana gadon kakanmu. Ni ina ganin gidan da ƙane zai tuɓe yayansa a bisa tudu, shi ma wani gadon ya rasa. Ba mu daidaita ba, sai dai mun daina tada zancen. Ni mutum ne mai son komai ya zauna a wurinsa. Na jera kwanakin nan a kaina sau da yawa, daga na fari har na ƙarshe, ina neman ranar da za a ce nan ne aka iya tsirar da iri ba tare da an karya dattijo ba. Wani lokaci sai in ga kamar na same ta, in na sake dubawa in ga babu. Tauraron kuwa yana fitowa a lokacinsa, ina ganin sa in na fito masallaci, ba mai tambayata.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne, babanmu mutum ne mai kyauta da iri. Ya ba surukai, ya ba baƙin da suka kwana a zaurensa ranar kasuwa, ya ba wata ƙanwarsa da ta yi aure wajen Baudeta dami guda ranar da aka kai ta. Na je Baudeta, jikokinta sun ce sun daɗe da barin sa. Na tambaya a garin Sarkin Hausa, na tambaya a Tasawa, ana nuna mini zango iri-iri, ba shi ba ne. Amma ban yarda ya ƙare a duniya ba.

Ga kamanninsa. Zangarniya ta fi kamu biyu, siririya a kai, mai kauri a gindi. Tana da ɗan gashi gajere wanda ke hana tsuntsu zama. Ƙwayar ba fara ba ce, launin toka gare ta da ɗan duhu a ido. Furarsa tana kwana ba ta yi tsami da wuri, kuma karansa yana da ja-ja a gaɓa.

Kai mai karatu, in kai ɗan ƙasar Mayahi ne ko Tasawa, ko kana da tsoho a can, ina roƙon ka ka leƙa rumbu, ko ka karanta wa tsohon wannan kamanni ka ji abin da zai ce. In an samu, kada a sussuke. Zangarniya ɗaya ta isa. Ka ba kowane mai kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, a kasuwar Atantane, ka ce a kai gidan masu duban Dabaran, an san mu. Kuma ka hanzarta, domin Yaya ya tsufa ƙwarai, shi kaɗai ya rage wanda zai shafa ta da hannu ya ce ita ce.